Inda Aka Sauke Tukur

Lambar yabon Habu Rabo shekara tara ta yi a hanya. Shi kansa wata biyu kawai ya yi daga Indoshin zuwa Kore Mairuwa, duk da jirgin ruwa da jirgin ƙasa da mota da tafiyar ƙasa ta kwana biyu. A cikin shekarun nan tara Faransa ta fita daga Indoshin, ta fita daga Nijar ma, aƙalla haka aka rubuta. Sannan wani akawu a birnin Faris ya buɗe wani akwati, ya tarar da sunan wani baƙin soja da aka manta a yi wa godiya.

Sambo ne ya kawo labarin. Shi ne tafinta a biron kumandan, wato ofishin mai mulkin yankin, a Dogon Dutsi, kuma taubashin Habu ne, ɗan kawunsa. Ya same shi a gona yana maimai, hatsi ya kai gwiwa.

"Ɗan mace, aje hauyar ga. Ka zama babban mutum."

Habu bai aje ba. Ya kai ƙarshen kunyar da yake kai, ya dawo, sannan ya tsaya.

"Anasara sun aiko maka lamba," in ji Sambo.

"Ina da lamba." Ya faɗi lambarsa ta soja da Faransanci, tiryan-tiryan. Ita kaɗai ta rage masa daga harshen.

"Ba irin wannan ba. Wagga ta ƙirji ce, ta jarumai. Ran uku ga Agusta za a maƙala maka ita a Dutsi, gaban kumandan da sarki da ƴan lakwal, yaran makarantar boko."

"Mi na yi?"

"Ni ma shi na tambaya. Na ce musu mutumin ga na san shi tun yana gudun zakara. Sai sunka nuna mini takarda."

Ya ciro kwafin takardar daga aljihu, ya karanta da Faransanci don Habu ya ji nauyinta, sannan ya juya da Hausa. Takardar ta ce soja Habu Rabo, a rana kaza cikin shekarar 1953, bayan abokan gaba sun yi wa rundunarsu kwanton ɓauna a gonakin shinkafa, ya ɗauki gawar abokinsa Tukur Mani a kafaɗa, harsashi na zuba, bai yar da ita ba sai da ya kai ta bariki.

Habu ya dubi hauyarsa.

"Haka za ka faɗa da Hausa? Gaban mutane?"

"Aikina ke nan."

"Har da gawa?"

Sambo ya buɗe baki zai yi wani wasan, sai ya tuna da Balki, ya rufe.

Balki ita ce uwar Tukur. Duk Kore Mairuwa, har Dumega da ƙauyukan da ke cin kasuwar garin, an san ta da abu ɗaya. Duk ranar kasuwa takan tsaya kusa da Umaru mai shela tana jira ya gama cigiyar awaki da jakuna, sannan ya yi cigiyar ɗanta.

Abin ya faro ne daga kirkin wani Anasara. Da labarin mutuwar Tukur ya iso Dutsi, kumandan na wancan zamani ya sa aka kawo Balki biro. Mutum ne mai tausayi, bai so ya ce wa tsohuwa ɗanta ya mutu kai tsaye ba, sai ya sassauta da harshensu, ya ce sun yi rashinsa. Tafintan lokacin Bazabarme ne daga Doso, a kasuwa ya koyi Hausarsa. Da ya ce "sun rasa shi", da Balki ta ɗora hannu a ka, an yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, an gama. Sai ya ce, "Ɗanki ya ɓace musu."

Balki ta ce, "A ina?"

"Indoshin."

"Ana nema?"

Tafinta bai ga amfanin mayar da wannan tambaya ba, ya ce ana nema. Kumandan ya ga ba ta yi kuka ba, ya rubuta a littafinsa cewa mutanen wannan ƙasa suna da juriyar da ta cancanci a yi koyi da ita.

Abin da ya ɓace kuwa cigiyarsa ake yi. Sai dai Tukur ɗan fari ne, Balki ba ta taɓa faɗin sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Umaru ya san sunan kamar kowa, amma tunda uwar tana tsaye a gefensa, shi ma yakan ji nauyi. Don haka sai ya yi siffa, yadda ake yi wa akuya: dogo, baƙi, da zanen Arewa daga baki zuwa kunne, yana sanye da kayan soja. Ban da kayan sojan, rabin mazan kasuwar sun dace da cigiyar. Da farko mutane sukan yi shiru in aka zo wurin. Daga baya suka saba, har masu ciniki suka mayar da ita agogo: in an yi cigiyar ɗan Balki, azahar ta kusa.

Ba wai garin bai yi zato ba. An je wurin Liman, ya ce mutuwa sai da shaida, kuma abin da hukuma ta faɗa ɓata ne. Aka ce a jira Habu, tunda tare aka ɗebe su.

Habu ya dawo bayan shekara biyu. Tun daga jirgin ruwa yake shirya ta'aziyyar da zai yi wa Balki, yana tsammanin ta daɗe da sani. Bai gama shan ruwan sauka ba ta shigo da ƙwaryar fura, da fuskar mai tambayar hanya.

"Habu, ka gan shi?"

Bai shirya wa wannan ba. Ya ce, "Mun rabu a hanya, Inna."

Ba ƙarya ya yi ba. Ya yi niyyar ya je washegari ya ƙarasa maganar. Washegari ta fi wuya, jibi ya fi washegari. Da Liman ya tambaye shi, ya ba shi amsar da ya ba Balki. Daga nan ya daina zuwa kasuwa, matarsa ke sayo gishiri. Shekara bakwai ke nan.

Abin da takarda ba ta faɗa ba shi ne Habu bai san gawa ya ɗauko ba. Ruwa ya kai musu ƙugu a gonar shinkafar, harbi na fitowa daga wurin da babu kowa, Tukur ya faɗi, Habu ya saɓa shi. Tun daga nan har bariki yana yi masa faɗa. Ya ce masa ya cika nauyi, ya ce masa ya daina jan ƙafa cikin taɓo, ya tuna masa da wata rigar da ya ara bai mayar ba. Da suka iso, likita ya duba sau ɗaya, ya dubi Habu kamar mai duban wawa, ya nuna can baya da hannu, wato tun can ya rasu. Kyaftin ɗinsu ya rasa mutum talatin a ranar, yana bukatar wani abu mai kyau da zai sa a rahoto. Ya tambayi sunan Habu.

Tun daga ranar kafaɗar Habu ta hagu ta mutu, har zuwa ƙirji. Hannun yana aiki, yana noma, amma ko ƙaya ta soke shi a wurin ba ya ji. Bai kai wa kowa kuka ba. Yakan ce ma gara haka, don sauro ba ya damunsa ta wannan gefe.

Sambo ya ninke takardar ya mayar aljihu.

"Gawa dai kalma guda ce," ya ce. "Sai in haɗiye ta. Kullum ina haɗiye abin da ya fi ta a biro. Kumandan ya zagi sarki, in ce yana gaishe shi. Sarki ya zagi uwar kumandan, in ce ya gode. Da ba don cikina ba, da ƙasar ga ba ta kai shekara biyu da ƴanci ba."

"In Inna Balki ta ji fa?"

"Mi zai kai tsohuwa Dutsi ana tsakiyar maimai? Kai dai ka wanke takalma. Kuma ka yi aski, kada a ce dangina ne."

Abin da Sambo bai lissafa ba shi ne motar jam'iyya. Bikin ƴancin kai yana bukatar jama'a, jama'a kuma suna gona, sai aka aiko babbar mota ta kwashi duk wanda aka samu zaune. Waɗanda aka samu zaune tsofaffi ne. Balki ta ji an ce za a tara tsoffin sojoji daga Tibiri har Sukukutane a fili ɗaya. Shekara tara tana cigiya a kasuwar da ba soja ko ɗaya, yau ga su an tara mata, kuma mota kyauta. Ita ta fara hawa.

An sa Habu a gaba kusa da direba, don shi ne babban baƙo. Da ya waiwaya ta ƴar tagar baya, ya ga ɗankwalinta. Bai sake waiwayawa ba har Dutsi. Motar ta kafe cikin rairayi sau biyu, jarumin ya sauka ya tura tare da kowa.

A bakin fili ya sami Sambo cikin fararen kaya.

"Tana nan."

"Na gan ta." Sambo ya gyara hula. "To? In haɗiye ko in tofar?"

"Haɗiye."

An jera tsoffin sojoji goma sha bakwai a rana, cikin kakin da aka ɗinka wa samari. Wasu maɓallan ba su rufu ba, wasu rigunan sun yi yawa. Sabon kumandan baƙar fata ne, amma hular tsohon kumandan ya gada, da kujerarsa, da yadda yake duban agogo. Ya yi jawabi a kan cewa zamanin bauta wa baƙo ya wuce har abada. Da ya gama sai ya gabatar da wani kyaftin Bafaranshe da ya zo daga Yamai, wanda zai saka wa ɗan ƙasa saboda bauta wa Faransa. Ƴan lakwal suka yi tafi duka biyun. Tsofaffin da aka kwaso suna ta duban gabas, inda hadari ke haɗuwa, suna tunanin ciyawa.

Kyaftin ya karanta takardar. Ya kira sunan Habu a karkace, na Tukur ma a karkace. Sambo ya matso gaba ya ɗaga murya, ya ƙara gishirin da aikin ke so. Ya ce Habu ɗan Rabo, namijin Kore Mairuwa, ranar da wuta ta tashi cikin ruwa, ya ɗauki abokinsa Tukur ɗan Mani a kafaɗa, harsashi na zuba kamar ƙanƙara, bai aje shi ba sai da ya kai shi bariki. Ya haɗiye kalmar tsaf, ko maƙogwaronsa bai motsa ba.

Makaɗa suka ɗauka, wata ta yi guɗa. Kyaftin ya maƙala lambar a hagun rigar Habu, sannan ya kama kafaɗunsa ya sumbace shi a kunci biyu. Wannan ne kaɗai abin da aka yi ta maganarsa a ƙauyuka har kaka. Lambar kanta ƙarfe ne mai siffar gicciye, da ƙyalle mai launi biyu. Wani tsohon soja a gefensa ya raɗa masa cewa ya riƙa cire ta in zai yi salla.

Habu ya ƙame yadda aka koya masa. Bai ji komai ba. Ya lura takalminsa na dama yana matsa masa, ya lura kyaftin yana warin taba.

Da aka watse aka nufi wajen kokawa, ya ga Balki tana ratsowa cikin mutane. Tana sauri, abin da bai taɓa gani ta yi ba. Fuskarta a sake take. Sambo yana tsaye kusa, ya yi kamar zai tafi, bai tafi ba.

"Habu."

"Inna."

"Ashe ka gan shi. Ashe har ɗaukar shi ka yi, ba ka faɗa mini ba. Kai da kunya." Ta taɓa hannun rigarsa. "Shi kuwa nauyi gare shi tun yana goye. Sannu."

"Yauwa, Inna."

"To ina ka sauke shi?"

Habu ya dubi Sambo. Sambo ya dubi takalmansa. Mutum biyu masu harshe ɗaya ba su da bukatar tafinta, kuma Habu ya ga alamar wannan ne karo na farko da Sambo ya yi farin ciki da rashin aiki.

"A bariki," in ji Habu.

"Na ji bariki. A ina cikin barikin?"

"Gaban ɗakin likita. Akwai wata itaciya mai faɗin ganye. Ƙarƙashinta."

"Bisa ƙasa?"

"Bisa wani ƙyaure da anka cire."

"Ya yi maka magana?"

"A'a."

"Ko sannu?"

"Ni ke ta magana."

Daga can ana jin gangar ƴan kokawa. Sakin da fuskarta ta yi yana komawa a hankali, ba ta ɓata rai ba, fuskar ta koma yadda aka san ta ne kawai.

"Ka ba shi ruwa?"

"Inna," ya ce. Ya ji muryarsa kamar ta wani mai karanta takarda. "An rasa shi. Tun cikin gonar shinkafar. Ban sani ba sai da munka kai."

"Wancan tafintan ɓata ya ce."

"Bazabarme ne, Inna," in ji Sambo a hankali.

"Na ji bakinshi tun ranar," ta ce, ba ta dube shi ba. "Amma shi anka sa ya faɗa."

Ba ta ɗora hannu a ka ba. Ta nemi inuwar wata itaciyar bedi a gefen fili ta zauna, ta nuna wa Habu ƙasa, ya tsuguna da kakinsa da lambarsa. Ta shiga tambaya ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba kayan da aka aiko mata.

"An yi mishi wanka?"

"An yi. Ni da wani sarjan, mutumin Segu."

"Salla?"

"Mu shida."

"Shida." Ta auna. "Ya isa. An juya shi gabas?"

"Can alƙibla yamma take."

Ta dube shi a karo na farko da alamar zargi.

"Habu, kada ka ƙara mini wata."

"Wallahi, Inna. Mun wuce Makka da nisa. In za ka dube ta sai ka juyo baya, wajen faɗuwar rana. Mu ma sai da munka yi gardama da sarjan."

Sambo ya tabbatar, ya ce haka yake a taswirar lakwal. Balki ta yi ɗan lissafi da yatsa a ƙasa, ta ja layi daga nan, ta ja wani daga can.

"Mu muna duban gabas, shi yana duban yamma."

"I."

"To."

Ta share layukan da tafin hannu.

"Wace rana ce?"

"Ban sani ba. Ana ruwa. Can kullum ana ruwa."

"Takarda ta faɗi rana," in ji Sambo, ya kai hannu aljihu.

"Bar takardarku," ta ce. "Yau na ji, daga yau za a ƙirga. Habu, in mun koma ka biya wajen Liman kafin ka shiga gida. Ka ce mishi ya samu shaidar da yake nema. Da bakinka, ba aike ba."

"To, Inna."

"Shi ko Umaru na riga na auna mishi hatsin kasuwa mai zuwa. Shi yi cigiyar akuyar wani da shi."

Ko a nan ba ta faɗi sunan ba. Habu ya jira ta zage shi a kan shekara bakwai. Ya daɗe da tanadin inda zai ajiye zagin. Ba ta yi ba. Idonta yana kan ƙirjinsa.

"Abin ga ya soke ka."

Ya duba. Kyaftin ya haɗa riga da fata, jini ya yi ɗan tabo a kakin, ya bushe.

"Ban ji ba."

Ta miƙa hannu ta zare allurar, ta juya ƙarfen gaba da baya, ta ga ba a rubuta komai da za ta iya karantawa ba, ta miƙa masa. Ya sa a aljihu tare da goron da aka raba musu.

Sambo ya je ya tambayi direba yaushe za a koma Kore Mairuwa. Direba ya ce an ba shi umurni kada ya tashi sai an gama kokawa da rawar ƴan lakwal da jawabin rufewa. Sambo ya dawo ya faɗa musu, daidai yadda aka faɗa masa, sannan aka kira shi wajen kumandan.

Hadarin ya tsaya a gabas bai ƙaraso ba. Suka zauna a gindin bedi suna jiran mota. Can an kayar da wani, fili ya ɗauki ihu. Balki ta kwance bakin zanenta, ta ciro ɗan curin fura da ta yi guzuri, ta raba biyu, ta miƙa masa rabi. Ya karɓa ya ci.